Koren Layi a Ɗakin Fayil

Ranar Alhamis da safe, ko jakata ban ajiye ba, Baba Maigadi ya zuro wayarsa ta tagar ɗakin fayil, ba gaisuwa ba komai. Takardar asibitinmu ce a ciki, da tambarinmu a sama, da sa hannun Likita a ƙasa. Sakamakon gwajin tarin fuka ne. Sunan da ke jiki kuwa na Maman 'Yan Biyu ne, matar da ke sayar da abinci a tsallaken titi, daidai ƙofarmu. Na leƙa ta tagar. Tukwanenta uku na ta tururi, amma bencinta babu kowa, a lokacin da direbobi da leburori suka saba turereniya a kai.

Wata lamba da ba wanda ya sani ce ta tura wa mutane takardar tun yammacin Laraba, aka kashe layin. Kafin gari ya waye ta zagaye unguwa. Abin haushin, gwajin na shekara biyu da suka wuce ne. Matar ta sha maganinta wata shida ba fashi, ta warke sumul, kuma shafi na biyu ya faɗi haka ƙarara. Wanda ya tura bai haɗa da shafi na biyun ba.

Shekarata goma sha tara ina riƙe da fayil ɗin wannan asibitin, har sunana ya ɓace, kowa Mai Fayil yake ce min. Kwamfuta ɗaya ce tak ke ɗauke da irin wannan takarda, ita ce a gabana. Ba ta da intanet. Ramukan da ake soka filas, ɗan abin nan na kwasar bayanai, su ma mai gyara ya toshe su da gam tun wata goma sha huɗu baya. Injin buga takarda yana ofishin Manaja a kulle. Na sha bugun ƙirji a gaban kowa cewa ko aljani bai isa ya fitar da harafi ɗaya daga ɗakina ba sai da sanina. To, bakina ne ya ja min. Ga kuma rigimar da muka yi da Maman 'Yan Biyu a watan jiya kan hayaƙinta da ke shigo min ta taga, inda na tsaya a tsakiyar titi na rantse sai na ga bayan rumfar nan. Kowa ya ji, ba kuma wanda ya manta.

Ita ma kwamfutar a ranar ta ga damar yi min wulaƙanci. Na kunna ta, ta kafe tana juya wani ɗan zobe, wai kar a kashe ta. Sai da ta ci min minti arba'in, marasa lafiya sun yi layi suna min kallon banza. Na zage ta tas, na ce tsufa ne.

Kafin azahar masu shara sun daina amsa gaisuwata. Mai gwajin jini, wanda muke kira Sauro, ya wuce ƙofata sau uku yana ƙaƙalo tari don in ji. Mutum ɗaya ce ta shigo ta zauna kusa da ni, Babbar Sista, shugabar masu jinya, aminiyata ta shekara goma sha biyu. Tare muke cin abinci, tare muke gulmar Manaja, ko data ba ma yi wa juna rowa. Ko a jiyan sai da ta jona wayarta da datata, tana tsine wa kamfanin waya da ya shanye mata ta wata guda. Ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, surutun mutane kwana biyu ne.

Da yamma Likita ya kira ni. Bai ce in zauna ba. Ya ce 'yan'uwan matar sun ba shi zuwa Talata, in bai fito da mai laifi ba za su kawo 'yan sanda, su kuma kai ƙara inda za a iya rufe masa asibiti. Ya ce ya nemo wadda za ta bincika. In ba ta samo kowa ba, ni zai miƙa, da takardar kora a hannuna.

*

Da na ga wadda ya nemo ranar Litinin, sai da na gwammace 'yan sandan. Ƙanwar tsohon mijina ce. Ita ce ta tsaya a bakin ƙofa ranar da na bar gidan yayanta tana leƙa kwalayena, kar in tafi musu da cokali. Shekara bakwai ko a hanya ba ma gaisawa. Na dai ji labarin cewa makarantu da ofisoshi na kiranta in an yi ɓarna a kwamfuta, har sun sa mata suna Bi-Sawu, don wai ko ta ina ɓarawo ya bi sai ta ga inda ya taka.

Ta shigo da 'yar jakarta a rataye, ta ƙare wa ɗakin kallo kafin ta kalle ni.

"Matar yaya, ashe ke ce."

"Na daina zama matar yayanki tun kina sa takalmin makaranta," na ce.

"To ki sani ba wanke ki na zo yi ba. In ke ce, da bakina zan faɗa."

Na ce ai na san za ta fi kowa jin daɗin faɗa. Ta ja kujerata ta zauna kamar ta gidan ubanta, ta sa hannu ta ɗaga allon da nake danna rubutu, ko tambaya ba ta yi ba. Ga 'yar takardata manne a ƙasa, da kalmar sirrin kwamfutar a rubuce da jan biro. Ta yi wani ɗan murmushi da na tsana tun ina gidansu, ta tambayi su wa suka san tana nan. Na ce ni kaɗai. Ta leƙa waje ta tambayi mai shara da ke wucewa ko ta san inda kalmar sirrin Mai Fayil take. Matar ta ce ai a ƙarƙashin allo, kowa ya sani. Kunya ta rufe ni.

Daga nan ta nuna min takardar a wayarta. Ta ce in duba da kyau, ba hoton fuskar kwamfuta aka ɗauka ba, ainihin takardar ce aka fitar, tsaf, ba inuwa ba karkata. Wanda ya yi so yake kar a ce haɗi ne. Tunda haka ne kuwa, takardar ba tsuntsu ba ce, dole ta wata hanya ta fita. Na ce hanya dai babu. Ta ce haka kowa ke cewa.

Ta fara duba inda ake ganin shafukan intanet da aka buɗe, ta tarar fayau. Ta duba jerin wayoyin da kwamfutar ta taɓa haɗuwa da su, nan ma an share. Manaja, wanda ya zo ya tokare ƙofa da tumbinsa, ya ce ai shi ke nan, babu sawu, sai wanda ya san kwamfutar ciki da bai. Yana faɗa yana kallona. Bi-Sawu ta ce masa wuri mai tsabta haka ma sawu ne, don ba a share inda ba a taka ba, ya kuma taimaka ya matsa mata daga haske.

Sai ta buɗe wata manhaja da ke cikin kwamfutar, wadda ni da nake gabanta kullum ban san tana nan ba. Aikinta ta bi kwamfutar gaɓa-gaɓa ta duba tsaronta, ta jero abin da ta gani. Inda akwai matsala ta sa ja, inda lafiya ta sa kore. Jerin ya fito, abin ba kyan gani. Katangar da ke tare baƙi a kashe take. Kalmar sirri ba a canza ta ba tun da aka sayo kwamfutar. Fuskarta ba ta kulle kanta in an tashi an bar ta. Ja, ja, ja, har ƙasa. Bi-Sawu na karantawa da ƙarfi don in ji da kyau.

A tsakiya akwai layi ɗaya kore. Ni har na ji sanyi, na ce ashe dai akwai abin da na yi daidai. Ita kuwa nan ta tsaya. Ta matso da fuskarta, ta danna wani wuri, ta ciro ɗan littafi ta yi rubutu. Na tambaye ta mene ne. Ta rufe littafin ta ce ba da ni take aiki ba.

*

Sauro ta fara kamawa. Ni ma shi nake zargi, don shi ya yi gwajin da hannunsa, kuma tun da na kai ƙararsa kan zuwa a makare bai ƙara kallona da idon rahama ba. Ta sa ni na tsaya a bakin ɗakin gwaji, wai tana so ta ga fuskokinmu tare. Ya hau sama kamar zai dake ta. Ya ce shi jini yake gwadawa ba kwamfuta ba, in ana neman mai baƙar zuciya ga ta nan a tsaye. Ta bar shi ya gama kumfar bakinsa, sannan ta tambaye shi inda yake ranar Laraba tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu. Ya yi tsuru-tsuru. Ya ce yana ɗakinsa. Ta ce littafin gwaji ya nuna ba a ɗebi jinin kowa ba daga sha biyu har uku.

Zuciyata ta yi fari, na ce yau ga ɓarawo. Ashe ba haka ba ne. Da ta matsa masa, ya rufe ƙofa ya yi ƙasa da murya ya ce ya saci jiki ne ya je ganawar neman aiki a wani asibiti, yana roƙo kar Likita ya ji. Ya nuna mata takardar gayyatar da lokacin a jiki. Ta kira wurin a gabanmu, suka tabbatar. Haka na fito da takaici, shi kuma ya bi ni da tsaki.

Manaja ya fi shi iya baki. Ya ba ta kujera, ya aika a kawo mata ruwan sanyi, ya shiga ba ta tarihin halina tun daga zuwana. Ta katse shi ta tambayi wa ya kashe katangar tsaron kwamfutar. Ya ce mai gyara. Ta ce da umarnin wa. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya amsa cewa shi ya ce a kashe duk wani abu da ke fito da saƙo yana damun mutane, tunda ba intanet. Ta tambaye shi ko ya san kwamfutar na iya kama data daga waya ba tare da an soka mata komai ba. Ya ce ya sani, ai shi ya sayo ta, har ya taɓa faɗa a taron ma'aikata yana alfahari da ita. Ni ban je wannan taron ba, ina jinyar mahaifiyata. Shi ma dai bai kamu ba, don ranar Laraba tun safe suna tare da Likita wurin sayo magani, sai la'asar suka dawo.

Babbar Sista ta amsa nata tambayoyin tana naɗe bandeji. Ta ce ita da kwamfuta sai kallo, ko saƙo a waya 'yarta ke koya mata. Ta ƙara da cewa ta san ni shekara goma sha biyu, ina da zafin baki amma ba ni da mugunta. Hawaye suka kawo min, don ranar ita kaɗai ta faɗi alheri a kaina.

Da rana ta yi, Bi-Sawu ta tsallaka titi, ta zauna a bencin Maman 'Yan Biyu ita kaɗai, ta sayi shinkafa ta ci a gaban kowa. Ta dawo tana suɗe baki, ta tsaya hira da Baba Maigadi. Ina jin su ta taga. Ya ce shi bai ga baƙo ya shiga ɗakin fayil ba, ya dai san ni da ƙarfe ɗaya nake fita salla da cin abinci, in jawo ƙofa ba kullewa, don makullin na cije. Ta tambaye shi yanzu ina yake cin abinci. Ya ce ai tun ranar Alhamis kowa sai ya taka zuwa kwanar can, wurin 'yar Sista da ta buɗe rumfa wata biyu da suka wuce, yarinyar da a baya ko faranti biyar ba ta sayarwa. Ya ce abincin dai ba gishiri, amma ya za a yi.

Kafin ta tafi ta shigo ta ce in ba ta wayata. Na ce ba ta isa ba. Ta ce to in ajiye wa 'yan sanda. Na jefa mata a kan tebur. Ta latsa nan da can, ba ta fi minti biyu ba ta miƙo min, fuskarta ba yabo ba fallasa. Na tambaye ta ko ta samu abin da za ta kai wa yayanta su yi dariya. Ta ce yayanta ya manta da ni tuntuni, ta fice.

Ranar na koma gida ban iya cin komai ba. 'Yata ta ce a makaranta an tambaye ta ko da gaske uwarta ke tona asirin marasa lafiya. Wannan ta fi komai ƙona min rai.

*

Talata da ƙarfe biyu Likita ya tara mu a ɗakin jiran marasa lafiya, aka rufe ƙofa. Shi da Manaja a gaba, Sauro ya jingina da bango, Baba Maigadi a bakin ƙofa, Babbar Sista kusa da ni tana riƙe da hannuna. Yayan Maman 'Yan Biyu, wani dogo mai gyaran mota, ya ƙi zama. Ya ce minti talatin ya ba mu, yana maganar idonsa a kaina.

Bi-Sawu ta sa an kinkimo kwamfutar an ɗora a kan tebur. Ta buɗe jerin nan na ja da kore, ta fara da ni. Ta faɗi takardar ƙarƙashin allo, ta faɗi ƙofar da ba a kullewa, ba ta rage min komai ba. Ta juya kan Manaja ta yi masa tatas kan katangar da ya sa aka kashe. Sannan ta ɗora yatsa a kan koren layin.

Ta ce wannan layin na riga-kafin cutar kwamfuta ne, kuma ba ya zama kore sai in an sabunta shi kwanan nan. Sabuntawa kuwa ba ta zuwa ta iska, sai da intanet. Ta buɗe wani shafi inda kwamfutar ke rubuta duk gyaran da ta sauko da shi daga kamfanin da ya ƙera manhajarta. Wata goma sha huɗu babu ko ɗaya. Sai ranar Laraba, ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu, aka ga sun jeru.

"Wani ya jona ta da datar wayarsa don ya tura wa kansa takardar," in ji ta. "Ya ɗauka aikin minti biyu ne. Amma Mai Fayil da lambar kati take jera takardunta, ba da suna ba, sai da ya yi ta lalube. Ita kuwa kwamfutar wata goma sha huɗu tana jin ƙishirwa. Tana jin intanet ta kafa kai, ba ta tambayi kowa ba. Ya goge shafukan da ya buɗe, ya goge sunan wayarsa. Wannan bai san da shi ba."

Ta ce gyara goma sha ɗaya suka sauka, kusan giga huɗu, su ne suka tsayar da kwamfutar ranar Alhamis da safe tana juya zobe. Na sha biyun ya maƙale a rabi da ƙarfe ɗaya da minti talatin da takwas, saboda datar ta ƙare. Ta ce ta duba wayata, ranar ko rabin giga ban ci ba, kuma datata ba ta ƙare ba.

"Tambayata ɗaya ce. Wa ya yi kukan an shanye masa data ranar Laraba?"

Ni kuwa sai na ji hannun da ke riƙe da nawa ya jiƙe da gumi. Ban so in tuna ba, wallahi ban so ba, amma abin ya dawo min tar. Ranar Laraba na dawo daga salla na sami Sista a baranda tana ta bala'i, ta tura min wayarta har hanci in ga saƙon da ɓarayin kamfani suka aiko, wai datarta ta wata guda ta ƙare tun uku ga wata. Ta ce ba za ta goge shi ba sai ta kai musu har ofishinsu. Sannan ta ce, 'yar'uwa, ɗan jona ni da taki in tura wani saƙo. Na jona ta. Har ina taya ta zagin kamfanin.

Bi-Sawu ba ta kalli kowa ba sai ni. Ashe tun jiya ta ga sunan wayar da aka jona da tawa, ta yi shiru, tana jira ta ga ko zan rufa. Na zare hannuna a hankali.

"Sista," na ce, "nuna musu saƙon nan da kika nuna min."

Ta ce wane saƙo, ita ba ta gane ba, ko zafin kai ne ya fara taɓa ni. Ta ce ta bar wayar a gida, alhali ga ta nan ta yi tudu a aljihun farar rigarta. Likita ya miƙa hannu don ta ba shi wayar. Ta daɗe kafin ta ciro. Saƙon na nan, ba ta goge ba. Likita ya karanta lokacin da ke jiki a fili: ƙarfe ɗaya da minti talatin da takwas.

Na ɗauka za ta yi kuka. Ina! Miƙewa ta yi ta ce lafiyar jama'a ta kare, mai tarin fuka ba ta dace da tukunyar abinci ba. Sauro, wanda bai taɓa goyon bayana ba a rayuwarsa, ya ce ƙarya take, ai ita da hannunta ta riƙa ba matar magani wata shida, ita ta kai mata albishir ɗin warkewa. Baba Maigadi ya girgiza kai ya ce shi ya sa ake ta tura su kwanar can cin abincin da ba gishiri. Yayan Maman 'Yan Biyu ya yi kanta, sai da Manaja da Sauro suka riƙe shi.

Ni abu ɗaya na tambaye ta, ya aka yi ta iya zama kusa da ni kwana shida tana dafa min kafaɗa. Ta kawar da kai ta ce ta zaci za a yi surutu ne a bari, kuma ai ni na fara cewa sai na ga bayan rumfar.

Likita ya ce ta ajiye makullan ɗakin magani ta jira 'yan sanda a ofishinsa. Ni kuma ya ce na fita daga zargi, amma sakacina ya jawo min dakatarwar sati biyu. Ba wanda ya ba ni haƙuri. Manaja ma cewa ya yi shi dama tun farko bai yarda ni ce ba.

*

Na tarar da Bi-Sawu a ɗakina ta mayar da kwamfutar, tana kunna abubuwan da aka kashe ɗaya bayan ɗaya. Ta ɓanɓare 'yar takardata ta yayyaga, ta sa na zaɓi sabuwar kalma na haddace a gabanta kamar 'yar firamare. Ta nuna min inda zan riƙa buɗe jerin nan duk Litinin, ta ce in na ga ja in kira ta, in kuma na ga abin da ban gane ba in fi saurin kira. Na ce na gode, da ƙyar ya fito. Ta ce in riƙe godiyata, ba don ni ta yi ba, kuma har gobe cokulansu biyu ba a gan su ba.

Na ɗauki jakata na fito. Rana ta yi sanyi, ma'aikata na ta wucewa zuwa kwanar can, don labarin bai kai titi ba tukuna. Na tsallaka. Maman 'Yan Biyu na zaune a bayan tukwanenta, ta rame a kwana shidan nan, 'yan biyun na wanke farantan da ba wanda ya ci a ciki. Tana ganina ta miƙe da ludayi a hannu.

Na gaya mata ba ni ba ce, na gaya mata wadda ta yi. Na so in tsaya a nan, amma na kasa.

"Sai dai daga ɗakina aka ɗauka, don ban kulle ba. Kuma da datata aka tura."

Ta ce to, an wanke ni, ta taya ni murna.

"Mutum nawa ne a ɗakin da aka wanke ki?"

Na ce bakwai.

"Ni unguwa guda ce ta ga takardata," ta ce. "Wa zai tara min su?"

Na ce in ta yarda, gobe zan roƙi Likita shafi na biyun, in bi duk wanda na sani in nuna masa, ina da sati biyu ba aikin komai. Ta ce mutane ba sa tura labarin warkewa. Na ce na sani.

Na ja bencin na zauna ta inda duk mai wucewa zai gan ni, na ce ta zuba min. Ta tsaya kamar za ta kore ni. Can ta ɗauki faranti ta zuba, ta dire min a gaba har miya ta fantsalar min a riga. Hayaƙin murhunta na shiga min ido, ban matsa ba, na sa cokali na fara ci.